Minti Biyar Tsakanin Hayaƙi Da Jiniya

Daren Lahadin da ta wuce, bayan sallar isha'i, ƙararrawar hayaƙi ta kaure a gidan da ke jikin namu a unguwar Woolwich, kudu maso gabashin Landan. Wata dattijuwa ce ta manta mai a kan wuta. Na kira 999, matar da ta ɗauka ta karɓi lambar layinmu ta gidan waya da lambar gida. Ina tsaye a ƙofa na ji jiniya. Na duba wayata, minti biyar.

A bangon kwanar layinmu akwai wani ɗan allo ruwan ɗorawa mai harafin H da lambobi biyu. Shekara huɗu ina wuce shi ban san amfaninsa ba. Ashe lambar sama faɗin bututun ruwan da ke ƙasa ce, ta ƙasa kuma mita nawa ne zuwa murfinsa. Ɗaya daga cikin 'yan kwana-kwanan ya nufi wurin kai tsaye, bai tambayi kowa ba.

Wannan saurin, lissafi ne ya kawo shi. Landan na da tashoshin kashe gobara 102, da ta kan kogi a Lambeth, kuma burinsu motar farko ta isa cikin minti 6 a matsakaici, ta biyu cikin 8. Duk kiran da aka taɓa yi ana ɗora shi a taswirar kwamfuta, tare da cunkoson tituna da yawan jama'a. Daga nan sai su gwada: in aka ɗauke tasha daga nan aka kai can, wace unguwa ce za ta faɗa bayan minti 6?

Ban ce ba su da laifi ba. Da irin wannan lissafin aka kafa hujjar rufe tashoshi 10 a 2014, zamanin Boris Johnson yana magajin gari, har da tamu ta Woolwich. A gobarar benen Grenfell na Landan ma a 2017 mota ta zo da wuri, amma mutum 72 suka rasu.

Duk da haka, a daren nan gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta 2016 ce ta yi ta dawo min. Kuma kada a ce mu ba mu iya taswira ba. A yaƙin shan inna an zana rugage da lunguna daga hoton tauraron ɗan Adam, ana bin sawun masu rigakafi ta waya. KANGIS, hukumar taswirar filaye ta jiha, na auna filayen Kano. To me zai hana a ɗauki ilimin nan a gano lungun da motar kwana-kwana ba ta shiga, da hanyar kasuwar da rumfuna suka toshe, da inda ya kamata a kafa tankin ruwa?

Da aka kashe wutar, dattijuwar ta zauna a dakali da bargo a kafaɗa, hannunta na rawa. Maƙwabta na leƙe ta taga, ba wanda ya fito. Da a unguwarmu ta can gida ne, da tuni samari sun cika layin da bokitai, mata sun ja ta cikin gida, gobe a wuni ana zuwa jaje. Na tsuguna gabanta ina neman yadda zan ce "Allah ya mayar da alheri" da Turanci, na rasa. Maiɗakina ta kamo hannunta, ta shigar da ita falonmu ta dafa mata shayi, a nan ta kwana.