Gaurakin Himalaya: ba rawar biki ce ke tsare musu fadama ba

Tun shekarar 2020, da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sauko da gauraka mai baƙin wuya mataki ɗaya daga jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu, labarin wannan tsuntsu ya koma waƙa guda ɗaya. Duk ranar 11 ga Nuwamba sai a cika shafuka da hotunan yaran makaranta sanye da kayan fari da baƙi suna rawar gauraki a farfajiyar gidan ibadar Gangtey da ke kwarin Phobjikha a ƙasar Bhutan. Sai a ƙara da cewa tsuntsayen kan kewaye ginin sau uku kafin su sauka, a rufe da cewa addinin Buddha ne ya cece su. Labarin yana da daɗin ji, amma rabin gaskiya ne, kuma rabin da ake zubarwa shi ne wanda ke cin kuɗi da gumi.

Ba a musun abin da sufaye, wato masu zaman ibada na addinin Buddha, suka yi. A kwarin da babban limami ya ce kada a taɓa tsuntsu, ba mai ɗaga masa bindiga, kuma babu dokar gwamnati da ta kai wannan ƙarfi. To amma yau ba maharbi ne ke kashe gaurakan Himalaya ba. Abin da ke kashe shi magudanar ruwa ce, da wayar lantarki, da kare, da garmar tarakta, da madatsar ruwa. Duk cikinsu ba wanda ke jin wa'azi.

A duba yadda tsuntsun ke kwana. Yakan iso Phobjikha daga tuddan Tibet a ƙarshen Oktoba, ya zauna har wajen Fabrairu ko Maris, a kwarin da ke kusan mita 3,000 sama da teku. Da rana yana kala a gonakin da aka girbe, yana tono ragowar dankalin Turawa da hatsi da saiwoyi. Da dare kuwa tsaye yake kwana cikin ruwa marar zurfi, wanda bai kai masa gwiwa ba, a fili fetal, domin duk dabbar da ta nufo shi sai ta taka ruwa ya ji motsinta. Idan manomin dankali ya haƙa kwata a gefen fadama don gonarsa ta tsane, ruwan makwancin yana raguwa. Idan ciyawa da gajeren gora suka yi tsawo a bakin ruwan, maɓoya ta samu. Da aka riƙa tsintar gawar gauraki a makwanci, ba da zato aka gano mai laifi ba. Ma'aikatan RSPN, ƙungiyar kare halittu ta Bhutan da aka kafa a 1987, su ne suka ɗaura kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu in wani abu ya gifta, hotuna suka nuna damisa. Maganin kuwa shebur da lauje ne: a sassabe bakin ruwa, a gyara kududdufin, a tare ruwa kafin tsuntsayen su iso.

Haka batun wuta. Gauraka tsuntsu ne mai nauyi, ba ya iya kaucewa da sauri, kuma lokacin da yake tashi daga makwanci ko komawa, wato asuba da magariba, shi ne lokacin da hazo ke ɓoye waya. Inda kuɗi ya yi ƙaranci akan rataya wa wayar alamomi masu ɗaukar ido a tsakanin 'yan mitoci. A Phobjikha binne wayoyin aka yi a ƙarƙashin ƙasa, da tallafin gwamnatin Austriya, bayan mutanen kwarin sun daɗe suna haƙuri da hasken sola. Wa ya sa suka yi haƙurin? Girman tsuntsun a addininsu. Wa ya nuna hanyar da tsuntsayen ke bi har aka san cewa turaku ba za su yiwu ba? Masu zama cikin sanyi da madubin hangen nesa da littafin rubutu.

Su waɗannan masu ƙirga su ne ba sa shiga hoto, alhali aikinsu yana da ƙa'ida mai tsauri. Ana ƙirga ne a makwanci da sassafe kafin garken ya watse cikin gonaki. Ana yi rana ɗaya, lokaci ɗaya, a duk kwaruruka, don kada tsuntsun da aka ƙirga yau a Phobjikha a sake ƙirga shi gobe a Khotokha. Sannan ana ware manya daga 'yan shekarar: babba wuyansa baƙi ƙirin da jan tabo a ka, ƙarami kuwa kansa da wuyansa toka-toka ne. Wannan rabewa ita ce zuciyar aikin. Gauraka yana da tsawon rai, ƙwai biyu kacal macen kan yi a shekara, don haka jimillar garke na iya tsayawa cak shekara da shekaru alhali ƙanana sun daina shigowa. Wanda ya ce "bana sun zo da yawa" ya tsaya nan, bai faɗi komai ba.

Wanda ke shakkar amfanin wannan littafin rubutu ya dubi Tawang, a jihar Arunachal Pradesh ta Indiya. An shirya gina tashar lantarki mai megawat 780 a kogin Nyamjang Chhu, kuma shingen ruwan zai faɗa daidai Zemithang, gaɓar da 'yan ƙalilan gauraki ke sauka da hunturu. Al'ummar Monpa suna danganta tsuntsun da Dalai Lama na shida, babban jagoran addinin Buddha na Tibet a zamaninsa, wanda a yankinsu aka haife shi. Rahoton tasirin muhalli da aka ba da izinin aikin a kansa a 2012 bai kawo maganar gaurakin ba. Sufaye, ƙarƙashin ƙungiyar Save Mon Region Federation da Lama Lobsang Gyatso ke jagoranta, su ne suka kai ƙara. A Afrilun 2016 kotun muhalli ta Indiya ta dakatar da izinin, ta ce a sake nazari. Alƙali ba ya yanke hukunci da tsarkin tsuntsu. Abin da ke tsayawa a gabansa hoto ne mai kwanan wata, da bayanin wuri, da shaidar cewa abin yana maimaituwa shekara bayan shekara. Sufaye suka kawo jama'a da ƙarfin hali, masu bibiyar tsuntsaye suka kawo hujja. Kuma ba a banza aka samu ba: a farkon Mayun 2016 'yan sanda sun harbe mutum biyu a Tawang cikin masu zanga-zangar neman a saki Lama Lobsang Gyatso da aka kama. Wannan ba ya shiga takardar tallar yawon buɗe ido.

Akwai kuma abin da masu waƙar yabo ba sa son a taɓo, wato inda tausayin addini da kansa ke cutar da fadama. A yankin Ladakh na arewacin Indiya, karnukan da ba su da mai su suna cikin manyan masu cinye ƙwai da 'ya'yan gauraki. A tuddan Tibet irin waɗannan karnuka kan taru a gidajen ibada saboda a nan ake ba su abinci kuma ba a kashe su. Ga al'adar sayen kifi ko kunkuru a kasuwa a sake shi cikin ruwa don neman lada, wadda ke zuba baƙin halittu a tafkunan da ba nasu ba. Masanin da ya zo daga birni ba shi da bakin faɗa wa tsohuwa cewa sadakarta ɓarna ce. Limaminta ne kaɗai zai faɗa ta ji, shi ma sai an nuna masa sheƙar da kare ya wargaza. Shi ya sa irin su Tashi Sangpo, sufin lardin Qinghai da ya kafa ƙungiyar kare muhallin Nyanpo Yutse a 2007 yana rubuta abin da ya gani na tsuntsaye tare da makiyaya, suka fi bikin shekara goma amfani. Bhutan ma da ta ƙi kashe karnuka, dandaƙa ta bi: a 2023 ta sanar da cewa ta gama yi wa karnukan titi aikin hana haihuwa, sama da 150,000 tun 2009.

Masu cewa a bar sufaye da camfinsu a kafa shinge da doka ba su cancanci dogon martani ba. Shingen da mutanen gari ba su yarda da shi ba itacen girki ne. Masu cewa kuɗin 'yan yawon buɗe ido zai wadatar kuwa su fara faɗa mana inda ruwan wankin otal-otal ɗinsu ke gangarawa. Mu nan mun san abin: ba a jifan shamuwa a garuruwanmu, amma wannan bai hana madatsun Tiga da Challawa sauya ambaliyar fadamar Hadejia da Nguru ba, kuma gaurakanmu na gida kusan ya ɓace daga Najeriya.

Abin da ya kamata bai da wuyar faɗa. A ba matasan sufaye madubi da horon ƙirga, a biya manomi ya jinkirta huɗar hunturu, kada kuma a sa hannu a kan wani izinin gini sai an buɗe littafin masu ƙirga. Phobjikha ta shiga jerin fadamun Ramsar, yarjejeniyar duniya ta kare fadamu, a 2014 da kusan hekta 970, tana da biki tun 1998, tana da masu ɗaukar hoto. A gabashin Bhutan kuwa akwai Bumdeling, addini ɗaya, girmamawa ɗaya, amma gaurakin da ke sauka can sun ragu, saboda ambaliyar kogi ta binne gonakin shinkafar da suke kala da yashi da duwatsu. Can ya kamata kuɗin ya tafi, a kwashe yashin a mayar da gonakin.