Ranar da Alli Ya Kunyata Kwamfuta

Ranar da na shigo unguwa da Lexus RX300 ƙirar 2000, har mai shayin bakin layinmu sai da ya miƙe tsaye. 'Yar Kwatano ce, ruwan toka, kujerun fata, injin silinda shida. Dillalin da ya sayar mini ya buga bayanta da tafin hannu ya ce, "Alhaji, wannan ƙafa huɗu take ja, ko cikin yashi ka shiga sai dai ka ji labari." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma tun daga ranar na zama Alhaji. Ita kuwa ƙafa huɗun, ban san amfaninta ba illa abin faɗa a majalisa bayan isha'i.

Shekara guda muna zaman lafiya, sai tayoyin baya suka suɗe kamar kan jariri. Na je na tambayi kuɗin sababbi, da aka faɗa mini sai na nemi benci na zauna. Mai shagon ya ga halin da nake ciki, ya jawo wasu guda biyu 'yan Beljiyam, zanensu raɗau, kuɗinsu bai kai rabi ba. Na ce za su shiga? Ya ce, "Haba Alhaji, ai duk rim ɗinsu sha shida ne." Suka kuwa shiga. Na dawo gida ina jin kaina ɗan kasuwa.

Bayan kamar wata biyu motar ta tsiro da sabon hali. Da safe lafiya lau take tashi. Amma in muka yi rabin awa a hanya, na taka totur, sai ta tsaya shawara, kamar jakin da aka riƙe wa wutsiya. Wata rana a Titin Gidan Zu ɗan adaidaita sahu ya wuce ni ɗauke da mata biyar da buhun gawayi, har ya waiwayo ya yi mini sannu. Mai kuwa sha take kamar ramuwar azumi. Mafi muni shi ne in na karya sitiyari zan shiga gida: sai ta hau gif-gif-gif, tayoyi na kartar ƙasa, jikinta duk yana karkarwa.

Bakanike na farko ko tuƙa ta bai yi ba ya ce fulogi ne. Shida ne, uku a gaba, uku kuma a ɓoye can baya, sai da ya wargaza rabin saman injin kafin ya kai gare su. Na biya. Na biyu ya ce na farko bai san aiki ba, famfon mai ne, kuma gurɓataccen man 'yan bumburutu ya toshe nozul. Na biya. Na uku wani matashi ne mai gilashi da jakar goyo. Ya jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, ya daddanna, ya juyo da fuskar na'urar gare ni ya ce, "Yallaɓai, motarka ba ta da ko ciwon kai." Shi ma na biya shi kuɗin albishir.

Uwargida ta ce tunda kwamfuta ba ta gani ba, to ba na asibiti ba ne. Washegari na shiga motar na tarar tana ƙamshin hayaƙin habbatussauda.

Asirina ya tonu ne ranar wani ɗaurin aure a Zariya. Ni na cika baki na ce zan ɗauki surukina da aminansa biyu, manyan dattawa, kowa ya sha babbar riga. Tun daga Kwanar Dangora motar ta fara nauyi, ina takawa tana nishi, ni kuma ina ƙara ƙarar rediyo. Da muka isa ƙofar gidan, jama'a maƙil, maroƙi ya hango Lexus ya taho da gudu yana kirari. Na karya sitiyari zan gyara tsayuwa, sai ta hau tsalle kamar ɗan akuya ya ga dusa. Hular surukina ta faɗo kan cinyarsa. Ya ɗauka, ya kaɗe, ya mayar a hankali, sannan ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Malam, in rawar ta ƙare a buɗe mana ƙofa."

Na ce, "To, Baba." Ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai yana tasowa daga ƙarƙashi. A motar haya suka koma Kano.

Wani direban da ya ga abin ya kwatanta mini garejin wani tsoho. Na lallaɓa na kai ta. Tun kafin in gama bayani wani yaron garejin ya ce, "Oga, a cire farfela kawai, kowa haka yake yi." Yana nufin sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya. Tsohon ya harare shi, yaron ya koma wanke sifana.

Bai buɗe gaban motar ba. Zagaya ta ya yi, hannu a baya, kamar mai taya sa a kara. Ya tsuguna a gaban tayar gaba, ya tofa yawu a yatsa ya goge gefenta, ya koma ta baya ya yi haka. Sai ya aiki yaro Islamiyyar da ke kusa ya roƙo alli. Ya ja layi a gindin tayar gaba daidai inda ta taɓa ƙasa, ya ja a ta baya, ya sa giya a firi, ya ce, "Alhaji, bismilla, tura." Haka na naɗe shaddata na turo Lexus a rana, yara suna ƙirga juyin tayar gaba da ƙarfi kamar masu karatun allo. Da aka kai goma ya ɗaga hannu. Layin gaba yana ƙasa inda aka fara. Na baya kuwa yana can sama yana kallon Allah.

Sai a lokacin na karanta abin da ke jikin tayoyina. Na gaba 225/70, na baya 215/65. Sha shidar ce kaɗai ta haɗa su. Daga baya na buga lissafi a waya: duk juyi ɗaya, tayar baya tana gaza ta gaba da kusan santimita 11, wato a kowace kilomita sai ta yi ƙarin juyi wajen 23 kafin ta kamo 'yar'uwarta.

Tsohon ya nuna mini wani ƙaramin akwatin ƙarfe manne da giyabos, inda farfela ta fito ta nufi baya. Ya ce shi ne taransifa, mai raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya. "Mai mata biyu ne," in ji shi, "kuma adali ne, rabi da rabi yake yi." A cikinsa akwai wani rufaffen gwangwani mai faifan ƙarfe jere, suna iyo cikin wani ruwan silikon mai kauri kamar zuma. In ƙafar gaba ta shiga taɓo ta fara juyawa fiye da ta baya, ruwan sai ya riƙe faifan, ya tilasta su ja tare. Aikin 'yan daƙiƙoƙi ne, a fita daga taɓo a huta. "Kai kuwa ka sa shi rabon faɗa tun daga Kano har Zariya, ba hutu, wata da watanni. Ya yi zafi ya gaji ya ƙulle. Yanzu gaba na ja, baya na ja, kai kuma kana canza fulogi." Babu waya ko ɗaya da ta shiga gwangwanin nan, shi ya sa mai gilashi bai ga komai ba. Cire farfela kuma, a irin wannan motar, ɗora wa gwangwanin dukan nauyin tafiya ne.

Ya ɗaga tayar gaba ɗaya da jak, ya ce in juya ta da hannu. Mai lafiya, in ji shi, za ta juya a hankali, da nauyi. Na rungume ta na yi nishi har rigata ta yage a hammata, ko motsi. Sannan ya shiga rami ya kwance noti don ya zubar da man taransifar. Kusan lita guda ya kamata ya fito. Abin da ya ɗiɗɗigo bai cika kofin shayi ba, baƙi ƙirin, ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki kamar kwalliyar amarya. Ya tambaye ni yaushe rabon a canza shi. Na ce ai ina juyen baƙin mai a kan kari. Yaran garejin suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Ashe nasa man daban, man giya 80W-90, ni kuwa ban ma san akwatin yana duniya ba.

Sauran labarin na kuɗi ne, ba na son tunawa. Taransifa 'yar Beljiyam daga Kofar Ruwa, sababbin tayoyi huɗu iri ɗaya lamba ɗaya, waɗancan dai da na nemi benci a kansu, sai dai yanzu ninki biyu. Uwargida ta ce araha ba ta ado, ta kuma ce in biya ta kuɗin habbatussauda.

Motar ta dawo sumul, amma ni ta bar ni da ciwo. Duk inda na ga jif a ajiye sai na tsuguna na karanta tayoyinta. Juma'ar da ta wuce, a harabar masallaci, ina durƙushe a bayan motar wani ina goge lamba da yawu, sai na ji an damƙi wuyan rigata. Maigadi ne da gora, jama'a har sun fara taruwa. Ina cikin rantse-rantse mai motar ya ratso sahu yana tambayar me ya faru. Na ɗaga kai, sai ga surukina. Sabuwar mota ya saya, wai ya daina shiga ta mutane.

Na ce, "Baba, ta bayan nan ta hagu ba lambarsu ɗaya ba."

Ya dube ni, ya dubi maigadi, ya ce, "Ban san shi ba."