Gawa ba ta da jam'iyya

Assalamu alaikum ƙannena maza da mata, musamman ku da kuka buɗe ido kuka tarar da waya a hannu, kuma ta cikinta kuke jin abin da duniya take ciki.

Ranaku biyu nake so ku riƙe. Ta farko Juma'a ce, 28 ga Nuwamba 2014. Jama'a sun cika babban masallacin Kano da ke jikin gidan Sarki, ana shirin salla, sai bama-bamai suka tashi, 'yan bindiga suka bi masu gudu da harbi. Fiye da mutum 100 suka rasu. Ta biyu Asabar ce, 28 ga Nuwamba 2020. Manoman Zabarmari, cikin ƙaramar hukumar Jere ta jihar Borno, sun fita yankan shinkafa a gonakin Koshebe, 'yan Boko Haram suka tattara su, suka ɗaure su, suka yi musu yankan rago. Washegari aka jera gawa 43 a cikin likkafani aka sallace su, Gwamna Zulum yana wurin. Shekara shida cif tsakanin ranakun nan. Ta farko Goodluck Jonathan ke mulki, ta biyu Muhammadu Buhari.

Akwai teburin mai shayi da nake zama a unguwarmu tun ina saurayi. A daren harin masallaci, wani abokina ya zo idonsa jajur, ko kofin da aka miƙa masa bai iya riƙewa ba. Ya ce gwamnati ce da kanta take ƙarar da Arewa, ya yi Allah ya isa har muryarsa ta dushe. Wani maƙwabcinmu da ke ɗaya jam'iyyar ya ce a yi haƙuri, ƙaddara ce, kada a sa siyasa a cikin mutuwa. Shekara shida bayan nan, a kan bencin nan dai, ana zancen Zabarmari, sai abokin nawa ya ce: to su ma me ya kai su gona ba tare da izinin soja ba? Maganar da ya ji kakakin shugaban ƙasa, Garba Shehu, ya faɗa a BBC ita ya maimaita. Shi kuwa maƙwabcin da ya ce a yi haƙuri a 2014, shi ne ranar yake nuna wa kowa hotunan gawarwaki a wayarsa. Dukansu mutanen kirki ne, sahu ɗaya muke tsayawa da asuba. Amma na tashi daga wurin zuciyata a ƙuntace, domin na gane cewa mun koyi duba wanda ke kan kujera kafin mu san ko za mu yi kuka.

Daga sama muka koyo wannan hali. Ran 14 ga Afrilu 2014 da safe bam ya tashi a tashar motar Nyanya, da daddare aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. Washegari shugaban ƙasa yana Kano wajen gangamin jam'iyya. Kwana biyu da sace yaran, hedkwatar tsaro ta ba da sanarwa cewa an kuɓutar da su saura takwas. Iyaye da shugabar makarantar suka ce ba su ga kowa ba, dole aka janye maganar. Sai da aka kwashe kusan mako uku kafin shugaban ya yi wa ƙasa magana a kan yaran, alhali wasu na kusa da gwamnati suna ta raɗa cewa ba a saci kowa ba, shiri ne na 'yan adawa. Muka ce Allah ya kawo mana canji. Canji ya zo, kuma a Disamba 2015 sabon shugaba ya ce a zahiri an ci Boko Haram da yaƙi. Ran 19 ga Fabrairu 2018 aka shiga Dapchi da motoci aka kwashe 'yan mata 110. Gwamnatin Yobe ta ce an ceto wasu, iyaye suka fara murna, sai ta dawo ta ba da haƙuri cewa labarin ba haka yake ba. Ku dubi yadda abin ya maimaita kansa kamar an kwafa: a fara da musu, a bi da albishir na ƙarya, a ƙare da kafa kwamiti. Shekau kansa sau nawa aka sanar da mutuwarsa? Bai mutu ba sai a Mayun 2021, a dajin Sambisa, kuma a rikicinsa da ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram.

Ni mutum ne da ya taso a kan girmama shugaba. Ba a koya mana zagin na gaba ba, kuma ba na so ku koya. Amma shugabanci amana ne, kuma farkon haƙƙin talaka a kan mai mulki shi ne ya kwanta da ransa ya tashi da ransa. Wanda ya kasa wannan ya zo ya faɗi gaskiya, za a iya yi masa uzuri, a taya shi da addu'a. Wanda ya kasa kuma ya ɓoye, ya ci amana sau biyu, domin mutumin ƙauye da rediyo yake auna ko zai koma gida ko zai ƙara haƙuri a sansani. Idan ka ce masa hanya ta yi lafiya alhali ba ta yi ba, kai ka tura shi.

Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ma muna da namu. Na daɗe ina jin manya da yara suna cewa ai 'yan Boko Haram ba 'ya'yanmu ba ne, turo su aka yi, an ga jirgi mai saukar ungulu yana sauke musu kaya, an kama wani ba shi da kaciya. Wannan zance ya yi mana daɗi domin ya ɗauke mana nauyi, kuma ya ci mana shekaru. Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram na farko, a bainar jama'a yake wa'azi a Maiduguri, da Hausa da Kanuri, kaset-kaset ɗinsa suna yawo a kasuwa, samarin da suka yayyaga takardun makarantarsu suka bi shi an san gidajensu. Malaman da suka san littafi ba su yi wannan musun ba. Marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi ta gargaɗi a kan wannan tafiya kafin a harbe shi yana limancin sallar asuba a Ɗorayi a Afrilun 2007. Sheikh Albani Zariya ya warware shubuhohinsu ɗaya bayan ɗaya, aka tare shi a hanya ran 1 ga Fabrairu 2014 aka kashe shi da matarsa da ɗansa, Shekau ya fito a bidiyo ya ce su ne. Mutanen nan sun kira cutar da sunanta, aƙidar Khawarijawa ce, masu kafirta Musulmi su halatta jininsa. Sun biya da rayukansu. Abin kunya ne mu da muke raye mu riƙa kewaye-kewaye.

Haka kuma kisan da 'yan sanda suka yi wa Muhammad Yusuf ran 30 ga Yuli 2009, bayan soja sun miƙa shi da rai, ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, ya rufe bakin da ya kamata a ji ta bakinsa, ya ba mabiyansa hujjar da suka daɗe suna jan yara da ita. Faɗin wannan ba goyon bayansa ba ne. Hukuma ce ta karya dokar da ta ce tana karewa.

Yanzu ga 'yan jarida, inda na fi so ku buɗe kunne. A makon farko na Janairu 2015 aka afka wa Baga, a bakin tafkin Chadi. Soja suka ce mutum 150 aka kashe, wasu rahotanni suka kai adadin har 2,000. A cikin makon ne aka kai hare-haren Paris da suka ci mutum 17. Shugabannin duniya suka yi jerin gwano a Faransa, tashoshin talabijin suka kwana a kai. Fadar shugaban Najeriya ta aika wa Faransa ta'aziyya, a kan Baga kuwa shiru. Ban ce kada a yi wa mutanen Paris kuka ba, rai rai ne. Amma wanda ya ga haka ya san akwai ma'auni biyu. Kafin Chibok da kusan wata biyu, ran 25 ga Fabrairu 2014, an kashe ɗalibai maza 59 a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi, wasu an ƙone su a ɗakin kwana. Ku tambayi sa'anninku mutum nawa suka taɓa jin sunan garin.

Sannan ga kalmomi. Shekaru muna jin ana cewa a rediyo "masu kaifin kishin Islama". Kishi a Hausa kalmar yabo ce. Mai kishin addini shi ne mai tashi da asuba, mai riƙe amana, mai jin zafin a taɓa maraya. Ta yaya wanda ya tada bam a sahun Juma'a zai zama shi ne kishinsa ya fi kaifi? Yaro ɗan shekara sha biyar da yake jin haka kullum, me aka koya masa? Daga baya wasu gidajen sun gyara suka koma cewa "masu iƙirarin jihadi", kuma hakan ya fi kusa da gaskiya. A ɗaya gefen kuma akwai jaridun da idan an kai hari coci sai su rubuta addinin mamatan da manyan baƙaƙe, idan masallaci ne ko kasuwa sai su ce "mazauna ƙauye". Mu kuma a namu shafukan muna yin kishiyar haka. Wa a cikinmu yake tuna harin cocin Madalla na ranar Kirsimetin 2011? Lokacin da aka dawo da 'yan matan Dapchi a Maris 2018, an riƙe Leah Sharibu saboda ta ƙi barin addininta. Musulmin da ya san babu tilas a addini, shi ya fi cancanta ya riƙa ambaton yarinyar nan.

Ba zan yi wa 'yan jarida kuɗin goro ba. Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 ina Kano. Bayan la'asar muka ji ƙara ta farko, tagogi suka girgiza, hayaƙi ya turnuƙe ta wajen Bompai da Farm Centre, mutane suna gudu ba su san inda suka nufa ba. Aka sa dokar hana fita. Muka kwana a tsakar gida, mahaifiyata riƙe da carbi, ƙaramar rediyo a tsakiyarmu, ƙanena bai dawo daga kasuwa ba sai da gari ya waye. Mutum wajen 185 aka rasa. A cikinsu akwai Enenche Akogwu na tashar Channels, wanda aka harbe yana bakin aikinsa. Kafin shi an kashe Zakariyya Isa na NTA a Maiduguri a 2011. An tada bam a ofishin ThisDay na Abuja a Afrilun 2012. A Janairu 2019 kuma soja suka mamaye ofisoshin Daily Trust na Abuja da Maiduguri saboda wani labari a kan Baga. Ɗan jarida a ƙasar nan gaba kura ne baya sayaki. Wanda nake kuka da shi shi ne wanda ke zaune a ofis, a turo masa sanarwa cewa an hallaka 'yan ta'adda da dama, ya buga ta yadda ta zo, bai kira ko mutum ɗaya a garin ya tambaya ba.

To ƙannena, yau ku ne jaridar. Abin da ka tura a WhatsApp ko Facebook yakan riga labaran ƙarfe bakwai isa kunnen mutane. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari don kada mu cutar da wasu cikin jahilci mu dawo muna nadama, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Na sha ganin hoton wata ƙasa, na wata shekara, an liƙa masa sunan wani ƙauyen Borno. Bidiyon yanka da suke ɗauka kuwa, don a yaɗa suke ɗaukarsa. Idan ka tura, ka yi musu aiki kyauta, kuma wataƙila uwar wanda ake yankawa tana cikin zauren da ka tura. Ka goge shi, ka yi wa mamacin addu'a.

Ku so sojanmu, yaran talakawa ne irinku, da yawa sun kwanta a Borno da Yobe don mu yi barci. Ku girmama 'yan kato da gora da suka tashi da sanduna a Maiduguri a 2013. Wannan so bai hana a tambayi yadda jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairu 2017 ba, ko yadda aka kashe masu Mauludi a Tudun Biri a Disamba 2023. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta ce a tsayu da adalci ko da a kan kanku ne, ko iyaye, ko dangi. Idan uba bai tsira daga wannan ba, ɗan takarar da ya ba ka hula da dubu biyar bai tsira ba.

Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin Arewa maso Gabas ya ci rayuka kusan 350,000, mafi yawansu ƙananan yara ne da yunwa da cuta suka ɗauke bayan an raba iyayensu da gona da asibiti. Waɗannan babu wanda ya buga sunansu. Akwai wata dattijuwa 'yar Bama da ta zauna a layinmu shekara uku tana sayar da ƙosai. Ba ta taɓa zancen siyasa ba. Duk wanda ya ce mata ya fito daga Maiduguri, sai ta ajiye matsami ta faɗa masa sunan ɗanta da kamanninsa, ta tambaya ko ya gan shi.