Samari, lemon gwangwani ba abinci ba ne

Jiya na je dubiya asibiti, na tarar da wani yaro da bai wuce shekara 25 ba ana yi masa wankin ƙoda, ƙafafunsa sun kumbura suntum. Abokansa biyu na tsaye a bakin gadon, kowa riƙe da gwangwanin lemon ƙara kuzari, ɗayan har yana bugun ƙirji wai tun safe abin da ya shiga cikinsa ke nan. Wallahi ji na yi kamar in fizge in zubar. Ashe gani ga wane bai ishi wane tsoron Allah ba?

Ƙannena, ban ce lemo ne ya kwantar da yaron ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kuka mai da ruwan sukari da biskit abincin yini. Ciki ya cika, jiki na yunwa.

Ƙodar nan tana tace ruwan jini kusan lita 180 kullum. Aiki mai yawa haka yana haifar da wasu ƙwayoyin sinadari masu cin naman jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Jiki na da sinadarin gulutatayon mai kashe musu kaifi, amma sai da bitamin B2 yake sabunta shi. Haka B6 da B9 da B12 su ke rage sinadarin homosistin a jini. In suka yi ƙaranci sai ya taru ya riƙa gurje hanyoyin jini, har da ƙananan da ke cikin ƙoda. Rashin B6 ma na ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda. Kuma yawancin bitamin B ɗin nan jiki ba ya ajiye su da yawa, fitsari ke kwashe rarar. B12 ne kawai hanta ke iya riƙewa shekaru. Shi kansa sukarin da kuke ɗirka, sai da B1 jiki ke sarrafa shi. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala.

Sai ciwon kai ya taso saboda kwana danna waya, a watsa diclofenac biyu a kora da wani gwangwanin. Ita ƙodar da me za ta ji? Wani kuma zai ce ai a jikin gwangwanin an rubuta akwai bitamin B. To sannu malam. Ko ƙwayar bitamin ɗin ba a sha da ka: B6 in ya yi yawa yana lalata jijiyoyi.

Ku gyara cin abincinku, don Allah. Ƙwai, wake, hanta, ganye, madara, duk ba baƙi ba ne.

Kakanninmu ba su san sunan bitamin ko ɗaya ba, amma hatsinsu ba a cashe shi fari fat, kuma yaro ba ya fita gida da safe sai ya zauna ya ci. Yanzu uwa ta dafa ta ajiye, kwanon ya kwana a rufe, ɗan nata na waje yana tsotsar gwangwani.