Wai dole sai na amince?

Ka buɗe shafi a intanet don karanta labari, kafin ka ga layi ɗaya akwati ya faɗo ya rufe fuskar waya: wai suna mutunta sirrinka, ka amince da kukis, wato ƙananan fayilolin da shafi ke ajiyewa a wayarka don ya tuna da kai ko ya bi diddiginka. Maɓallin amincewa ga shi nan ƙato, mai launi. Na ƙi kuwa an ɓoye shi can ciki, sai ka yi ta kashe maɓallai ɗaya bayan ɗaya, ga jerin kamfanonin talla da ko sunansu ba ka taɓa ji ba. Wannan ce mutuntawar?

Dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wato GDPR, wadda ta fara aiki a Mayun 2018, cewa ta yi amincewa sai da son rai. A Janairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da cin Google tarar yuro miliyan 150, Facebook miliyan 60, saboda wahalar da mai son cewa a'a. Duk da haka shafuka da yawa ko a jikinsu.

Abin da ya fi ci min rai, ka sha wahala ka ƙi yau, gobe ka dawo a sake tambayarka.