Wa ke riƙe da lissafin Gulbin Maraɗi?

A jikin wani bango da ke bakin kogin Luwar, nan Orleyan inda nake zaune a Faransa, akwai layukan da aka sassaƙa a dutse, kowanne da shekararsa: 1846, 1856, 1866. Iyakar inda ruwa ya kai ke nan a manyan ambaliyoyin da suka ci yankin. Waɗanda suka ga ruwan da idonsu sun daɗe da zama ƙasa, amma yaro in ya zo wucewa yau zai iya miƙa hannu ya gwada tsawonsa da shi.

Duk lokacin da na bi ta wurin sai Maraɗi ta faɗo mini a rai. Mu ma ruwa ya taɓa tashin gari sukutum: ambaliyar 1945 ce ta rushe tsohuwar Maraɗi da ke cikin kwarin gulbi, har aka hauro da mutane kan tudu. A unguwar Ɗan Gulbi na tashi, na sha jin labarin a bakin kakata, amma ban taɓa ganin bango ko icen da aka yi wa shaida aka ce nan ruwan ya tsaya ba. Ranar da Allah ya yi mata rasuwa, awon ya bi ta kushewa.

Kada wani ya ɗauka cewa nake mutanen nan sun fi mu sanin koginsu. Ko kusa. Ina da kawu a wajen Madarumfa, da rani yana su, da damina yana noma. Ya dubi launin ruwa ya faɗa maka ko a wajen Katsina aka yi ruwan sama ko nan kusa. Ya san laƙar da gaiwa ke binne kanta in tafki ya ja baya, ya san watan da tarwaɗa ke ƙwai, ya san in kirinjijiya ta yi ƙaranci to wani abu ya taɓa ciyawar bakin ruwa. Maƙwabcina na nan kuwa tsohon ma'aikacin gidan waya ne, bai kai kashi ɗaya cikin goma na sanin Kawu ba. Sai dai duk tsakiyar watan Janairu yana rataya madubin hangen nesa, ya tafi bakin Luwar cikin sanyin da ke fasa leɓe, ya ƙirga agwagin ruwa, ya rubuta, ya aika. Ba a biyansa ko dala. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ce ta duniya, tun 1967 ake yin ta, kuma yawancin masu yi irinsa ne.

Rubutun nan bai ceci tsuntsayensu ba, gaskiya ɗaya ce. Tun 1989 Faransawa suke bin diddigin tsuntsayen gari da na gona, lissafin kuma ya nuna na gona sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a shekara talatin, saboda maganin ƙwari da irin noman da ba ya barin ko kurmi ɗaya. Amfaninsa dai shi ne ba wanda zai miƙe a majalisa ya ce surutun tsofaffi ne. Abin da ya fi tsaya mini ma ya faru ne a Ingila. A 1969 masu ƙidaya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke cin rani a ƙasashenmu, ya dawo musu bai kai rabin yadda ya saba ba. Da aka bi sawu sai aka tarar farin Sahel ne. Wato yunwar da ke tahowa gidanmu ta fara bayyana a littafin wani Bature da bai taɓa taka Nijar ba.

To mu a ina rashin rubutu ke cizonmu? A gulbi. Gulbin Maraɗi ba namu ba ne mu kaɗai. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Jibiya, ya shigo ta Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa Rima. Tun da aka datse shi a Jibiya wajen farkon shekarun 1990, duk manomin fadama zai ce maka ruwa ba ya malala ya kwanta kamar dā, kuma rijiyoyin lambu sun ƙara zurfi. Akwai yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suka haɗa, gulbinmu na ciki. Amma ranar da aka zauna rabo, me za mu ajiye a kan tebur? "Wallahi dā ya fi haka"? Ko dillalin kasuwar dabbobi ba ya karɓar wannan.

Ba wai ba a awo sam ba ne. Ma'aikatan ruwa da na gandun daji suna nan, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna rubuta kundaye kan tafki da fadama. Matsalar, da Faransanci ake rubutawa, a rufe a kabad, masuncin da aka yi wa tambayoyi ba ya sake jin ɗuriyarsu. Sauran aikin kuma na furoje ne. Ina ɗalibi na taɓa raka wasu da suka zo da farar mota, suka kafa ƙarfe mai lambobi a bakin ruwa, suka ɗauki wani saurayi yana karantawa safe da yamma. Shekara biyu kuɗi suka ƙare. Da na koma, ƙarfen ya zama turken jaki, littafin kuma ba wanda ya san hannun da ya faɗa.

Ku dubi abin da ke samun mai ƙirga shi. A 2018 an kwaso raƙuman dawa 8 daga Kure aka kai gandun Gadabeji da ke ƙasar Dakoro, kowanne an san shi da zanen jikinsa. Na ji daɗi, Allah ya sani. An kuma sa Tafkin Madarumfa cikin jerin Ramsar, wato rajistar wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya, a 2019. Amma tarwaɗa da karfasar da ke ciyar da gidaje, da yashin da ke cike tafkin kowace damina, da gorubar Gulbin Kaba, su wa ke riƙe da lissafinsu shekara bi shekara? Abin da baƙo ke sha'awar ɗauka hoto shi ke da rajista.

Ni a ganina aikin nan bai kamata ya jira mota ba. Sanda ce mai lamba a gindin gada, da kaye, da bik. Sarkin ruwa ya sa a riƙa rubuta kamun kowace Juma'a, iri da yawa. Kowace lakwal ta ƙauye ta rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka da yawan sheƙunan da ta yi a garin, tunda dama yara ne ke fara ganin ta, kuma ba mai taɓa ta. A rubuta da Hausa, ko boko ko ajami, a ɗauki hoton shafin a tura ta WhatsApp, gidan rediyo ya karanta matakin ruwa kamar yadda yake karanta farashin gero. Bayan ɓarnar da ruwan 2024 ya yi wa Maraɗi, wanda ke zaune a gangare ya cancanci ya ji tun da yamma cewa gulbi ya cika a sama.

Da na kawo wa Kawu maganar a waya, dariya ya yi.

"Kai ɗan nan, zaman Turai ya sa ka fara ƙirga tsuntsaye? Abin da na sani ai na sani."

Na ce, "Kawu, Allah ya ja kwana, in ba ka nan wa zai sani?"

Ya yi shiru. Can ya ce in aiko wa jikansa jika biyu ya sayi kaye mai bango mai kauri, kada ruwa ya jiƙa shi a cikin jirgi. Ranar Asabar hoton shafin farko ya iso: kwanan wata, ruwa ya kai gindin kukar da ke yamma da mashaya, tarwaɗa 14, karfasa rabin kwando, zalɓe 3. A ƙasa yaron ya ƙara da cewa Kaka ya ce a rubuta iska ta juyo daga gabas.