Lambar LEI: amfani na banki, biya na kamfani

Da bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba na 2008, manyan bankuna sun rasa amsar tambaya guda: nawa muke bin sa? Lehman ɗin ba kamfani ɗaya ba ne. Tarin ƙananan kamfanoni ne a ƙasashe daban-daban, kuma kowane banki da irin sunan da ya rubuta musu a littafinsa. Hukumomin sa ido ma sai lalube suke yi. Lambar LEI, wato lambar shaidar kamfani ta bai ɗaya a duniya, ita ce maganin da aka samo daga baya.

Takardun jari, irin su hannun jari da takardun bashi, sun daɗe da tasu shaidar, wato lambar ISIN. Lambar ISIN gurbi 12 ce: harufa biyu na ƙasa, gurbi tara na takardar, na ƙarshe kuma na kama kuskuren rubutu. Hannun jarin Apple, misali, US0378331005 ne ko a ina aka saye shi. Kaya na da lamba, mai kaya ba shi da ita. Wannan giɓin ya sa ƙasashen G20 suka amince da LEI a 2012, lamba mai gurbi 20 ga kowane kamfani ko asusun zuba jari. Gidauniyar GLEIF da aka kafa a birnin Basel na Switzerland a 2014 ke kula da ita, kuma kowa na iya duba rajistar kyauta, har ya ga uwar kamfani idan an bayyana ta. Daga Janairun 2018 dokar MiFID II ta Tarayyar Turai ta hana yi wa kamfani cinikin takardun jari in ba shi da lambar.

Ina goyon bayan wannan duka. Inda nake da ja shi ne sabuntawa. Kamfani ne ke biyan kuɗin lambar, kuma kowace shekara sai ya sake biya don a tabbatar sunansa da adireshinsa ba su canza ba. To wa ke cin moriyar? Banki da hukuma. Ƙaramin kamfanin da dillali ya tilasta wa yanka lamba don ciniki ɗaya, me zai sa ya dawo baɗi? Shi ya sa rajistar ke ɗauke da lambobi masu yawa da wa'adinsu ya wuce: adireshi ya tsufa, wataƙila kamfanin ma ya koma hannun wasu, bayanin yana nan yadda aka bar shi.

A ganina bankuna su ɗauki kuɗin sabuntawar, tunda dama doka ta wajabta musu tantance abokan hulɗarsu, takardun kuma suna hannunsu. GLEIF ta riga ta buɗe musu ƙofar yin tantancewar a madadin kamfani. Saura hukumomi su mayar da shi dole.